Ni Na Zauna wa Yayata Jarrabawar Turanci, Yanzu Ana Bincike

Assalamu alaikum Anti mai wannan shafi, da duk masu karatu, ina fatan kowa yana lafiya. Don girman Allah a ɓoye sunana da lambar wayata, kada ko harafin farko ya fita, domin a unguwarmu in ka yi tari a Maamobi sai a yi maka sannu daga Nima, unguwar da ke maƙwabtaka da mu. Kuma ina roƙon kowa, kafin ya zage ni, ya daure ya karanta har ƙarshe. Na san na yi laifi, ba wanke kaina na zo yi ba. Tsoro ne ya kawo ni. Sati uku ke nan ba na iya cin abinci, in wayata ta yi ƙara ko na ga baƙuwar mota ta tsaya a ƙofar makarantarmu sai in ce asirina ya tonu. In kun ga Hausata ta karkace a wani wuri ku yi haƙuri, 'yar Zango ce ni, wato unguwar Hausawa a Ghana, a nan Accra aka haife ni.

Ni malamar Turanci ce a wata ƙaramar sakandare, shekara takwas ina koyarwa. Ina da yaya mace guda ɗaya, uwa ɗaya uba ɗaya, zan riƙa ce mata Yaya kawai. Ta girme ni da shekara biyu, amma kamarmu ɗaya kamar an tsaga kara. Tun muna yara ake ce mana tagwaye, har a gidan biki an sha ba ni saƙonta, ita ma a ba ta nawa. Bambancinmu shi ne ita tana sa gilashi, kuma ta ɗan fi ni jiki. Babanmu ya daɗe da rasuwa. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Mma, da sayar da waakye, wato shinkafa da wake, a bakin titi ta yi mana makaranta. Yaya ta zama nas, ta yi shekara goma sha ɗaya tana aiki a sashen manya na wani asibiti. Ba don 'yar'uwata ce ba, amma wallahi samun nas irinta sai an tona. Tun daga firamare har makarantar jinya da Turanci ta yi karatu, da Turanci take rubuta rahoton marasa lafiya kullum. Bayan shi tana jin Hausa da Twi da Ga, har da Zabarmanci da ta tsinta a wajen maƙwabta. In aka kawo tsohuwa daga Zango wadda ba ta jin komai sai yarenta, Yaya ake nema ta tsaya tsakaninta da likita. Harshe biyar a baki ɗaya. Ku riƙe wannan.

Shekara uku da suka wuce ta samu aiki a wani asibiti a Ingila. Sun yi mata tambayoyi ta bidiyo, da Turanci, kusan awa guda, suka ce sun yaba da ita. Abu ɗaya ya rage, ta ci jarrabawar Turancin da ake sa duk wanda zai je aiki can. Kashi huɗu ce: saurare, karatu, rubutu da magana, kuma akwai makin da dole ka kai a kowanne. Muka yi dariya, muka ce wannan ai cin tuwo ne. Ta shiga ta farko, rabin maki ya hana ta a rubutu. Ta shiga ta biyu, rubutu ya yi kyau, sai saurare ya sauka da rabin maki. Ta uku rubutu ya sake komawa baya. Abin ya zama kamar rufin ɗaki mai yoyo, ka toshe nan ya ɓalle can. Ni nake koya mata da kaina bayan la'asar, in ba ta da aiki, kuma na rantse muku ban ga abin da ya rage mata ba. Ranar da ta dawo daga ta uku ta jefar da jaka ta ce mini, "Ke, kin san abin da suka sa mana? Wasu mutum biyu ne suke maganar hayar jirgin ruwa na shaƙatawa a wani kogi, suna haɗiye rabin kalmomin, kuma sau ɗaya tak za ki ji, ba a maimaitawa. Sannan aka ce in rubuta ko ya dace gwamnati ta gina wa mutane wurin wasan zamiya a kan ƙanƙara. Ni da ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta cikin firij! Me ya hana su tambaye ni yadda ake gane tsoho yana jin ciwo alhali bakinsa yana cewa lafiya lau?" Na yi dariya a lokacin, amma ita ba ta yi ba. Don ta shiga ta huɗu sai da ta sayar da 'yan kunnen zinarin aurenta.

Sakamakon ta huɗu ya fito ranar wata Asabar da hantsi, muna zaune a tsakar gida muna tsince wa Mma wake. Ta duba wayarta, ta kife ta a kan tabarma, ta ci gaba da tsintar wake. Sai na ga hawaye yana ɗiga a cikin faranti. Rabin maki kuma. Asibitin can sun riga sun rubuto cewa ba za su iya riƙe mata gurbin ba har abada. Ga mijinta tela ne a unguwar Adabraka, kasuwa ta ja baya, ga yara biyu, ga ɗakinsu da ruwa ke shiga duk damina har sai an ɗora katifa a kan benci. A nan ne Shaiɗan ya ari bakina. Na ce, "Wallahi Yaya, da ni ce na shiga, da tuni an wuce wurin." Ta ɗago ta dube ni ta ce, "A'uzu billahi. Kada ki sake faɗin wannan." To a nan nake so ku san gaskiya, domin ko ita wani lokaci ina barin ta ta ɗauki nauyin da ba nata ba. Ba ita ta roƙe ni ba. Ni na kawo maganar, kuma ban bar ta ta mutu ba. Na sake tayar da ita bayan kwana biyu, na sake bayan sati. Na ce mata ai ba ilimin jinya zan rubuta mata ba, wannan nata ne, ta riga ta ci. Na ce mata zalunci ne, kuma wanda aka zalunta in ya bi ta taga ba a ce masa ɓarawo. Ina jin tausayinta ƙwarai, amma akwai girman kai a ciki, ba zan ɓoye ba. Ina so in nuna wa masu jarrabawar nan cewa mu ma mun iya harshensu. Ba ta taɓa ce mini "to" ba. Wata rana dai na buɗe jakata a ofishin malamai zan fito da littattafan yara, sai na ga fasfonta a tsakiyarsu.

Sati biyu na yi ina koyon sa hannunta a bayan tsofaffin takardu ina ƙonawa. Ranar jarrabawar na sa hijabinta mai ruwan toka da gilashinta, wanda yake sa ni ganin ƙasa kamar tana gangarawa. Zan fita ke nan Mma tana zuba shinkafa a kula, ta ɗago ta kira ni da sunana, nawa na gaskiya, ta ce, "Ina za ki da gilashin yayarki?" Na ce idona ne yake ciwo. Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "Allah ya tsare," ta mayar da kanta kan tukunya. Har yau ba ta sake tayar da maganar ba, ni ma ban tambaye ta abin da ta fahimta ba. Na hau trotro, motar hayarmu, zuwa tashar Circle, daga can na ɗauki tasi, duk hanya ina maimaita ranar haihuwar Yaya a zuciyata kamar mai tilawa.

A cibiyar jarrabawar wata ma'aikaciya ta kai ni bayan labule, ta ce in ja hijabi baya. Ta dubi fasfo, ta dube ni, ta sake duban fasfo. Ta ce, "Kin rame." Na ce aikin asibiti ne. Ta yi murmushi ta ce ƙanwarta ma nas ce, ta san wahalar. Aka ɗauke ni hoto. Sai ta turo mini wata 'yar na'ura mai gilashi ta ce in ɗora yatsa, wai da shi za a riƙa gane ni in na fita bayi na dawo. Yaya ta taɓa gaya mini ana yin haka, amma a lissafina ban ba shi muhimmanci ba. Na ɗora. Sai da na ji na'urar ta yi ƙara na gane abin da na aikata: fuska ta aro ce, suna na aro, sa hannu na aro, amma yatsan nawa ne. Kuma shi ne dai yatsan da na ɗora ranar da na yi katin ɗan ƙasa. A lokacin da na so in juya, layi ya riga ya tura ni ciki.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ɓangaren magana. Wata dattijuwar Baturiya ce, mai fara'a, da na'urar ɗaukar murya a kan tebur. Ta danna ta ce in faɗi cikakken sunana. Na faɗi sunan Yaya. Ta ce wane aiki nake yi, na ce ni nas ce. Ta ce in ba ta labarin wata rana da na taimaki wani a wurin aiki. Sai na ɗauko labarin da Yaya ta taɓa ba mu, na wani tsoho da ya ƙi cin abinci kwana uku har sai da ta gano haƙoransa na roba ne suka ɓata, yana jin kunyar faɗa. Na ba da labarin kamar da ni aka yi. Da muka gama ta kashe na'urar ta ce marasa lafiyana sun yi sa'a. Na fito na shiga bayi na yi amai. Wace irin mace ce ke satar alherin 'yar'uwarta ta sa a bakinta, a yaba mata, ta ce na gode?

Sakamako ya fito, na ci. Amma kun san yadda na ci? Daidai makin da ake nema, ko rabi ban ɗara ba a rubutu da saurare. Ni da nake da digiri a Turanci, ni da nake gyara wa yara arba'in rubutu kowace rana da jan biro. A saurare tambaya biyu cankar su na yi, domin mai maganar ya wuce kafin in gane ko sunan titi yake faɗa ko sunan mutum. Da cankar nan ba ta faɗa daidai ba, da ni ma na faɗi. Na zauna ina kallon takardar, na rasa dariya zan yi ko kuka. To me jarrabawar nan take aunawa? Iya Turanci, ko saba kunne da muryar mutanen da ba ka taɓa zama da su ba? Wannan tambayar ce na riƙa lulluɓa da ita shekara biyu in zuciyata ta fara damuna.

Yaya ta tafi. Aka yi walima a gidanmu, limamin masallacin layinmu ya yi addu'a ya ce wa 'yan matan unguwa su yi koyi da ita, ilimi da gaskiya ne suka kai ta. Ina raba shinkafa ina jin kamar ƙasa ta tsage in shige. Bara mijinta da yaran suka bi ta, yaran suna makaranta a can, babbar har ta fara gyara wa ubanta Turanci. Mijin bai san komai ba har yau. Mma ta daina tsayuwa a bakin titi, ƙafafunta da suke kumbura sun huta. Kuma Yaya tana aikinta lafiya, tsofaffi suna tambayarta da suna in ba ta zo ba. Ta ce mini Turancin da ake yi a ɗakin marasa lafiya bai haɗa hanya da na jarrabawa ba, akwai tsofaffin da ko abokan aikinta haifaffun can sai sun ce su maimaita. Na ji daɗi, na ce kin gani, ashe ba mu cuci kowa ba. Sai wata rana a cikin hira ta ce mini wani likita ya ba ta umarnin magani ta waya, ta rasa sha biyar ya ce ko hamsin, domin a Turanci kalmomin biyu sun yi kama a kunne, shi kuma yana sauri. Ta sa shi ya maimaita sau biyu, ya ji haushi, amma ta samu daidai. Ita dariya take yi tana ba ni labarin. Ni kuwa sai na shiga tunani. Da ta ji kunyar tambaya fa? Da wani ya mutu fa? Ashe ba don mugunta kawai aka sa ɓangaren saurare ba. Tun ranar na kasa tsayawa a gefe ɗaya. In na ce jarrabawar zalunci ce, sai in tuna sha biyar da hamsin. In na ce daidai ce, sai in tuna hawayen Yaya a cikin farantin wake.

Wata biyu da suka wuce, ina hutun tsakar rana a makaranta, Yaya ta kira ni. Ko sallama ba ta yi ba. Ta ce, "Kina ke kaɗai?" Na fita bayan ajujuwa. Ta ce hukumar da ke ba ma'aikatan jinya lasisi a can ta aiko mata da wasiƙa. An gano wasu sun yi maguɗi a cibiyar da muka yi jarrabawa, don haka ana sake duba sakamakon duk wanda ya zauna a wurin a wancan lokacin. Ba su ce suna zargin ta ba, kowa aka aika wa. Amma sun ce ta sake zama jarrabawar a can. Na ce, "Yaya, mun mutu." Ta ce, "Ki yi mini addu'a kawai." Ta shiga, ita da kanta, da fuskarta da yatsanta. Kuma ta ci. Jama'a, ta ci! A magana da saurare ma ta fi ni maki. Ta kira ni tana kuka tana dariya, tana cewa, "Kin gani? Kin gani? Da sun bar ni na zo tun farko, wata shida ya ishe ni kunnena ya buɗe." Na yi sujada a ofishin malamai, abokan aikina suka ɗauka albishir ɗin haihuwa aka yi mini. Na ce shi ke nan, Allah ya rufa mana asiri.

Ashe ba a gama ba. Sati uku da suka wuce suka aiko mata da wata takarda. Suna so ta sa hannu ta tabbatar cewa ita da kanta ta zauna jarrabawar Accra, wadda ta kai ta can. A ƙasan takardar an rubuta cewa suna iya neman hoto da muryar da aka ɗauka da bayanan shiga daga cibiyar, su gwada. Sun kuma ce duk wanda yake da abin faɗa ya faɗa yanzu, za a duba masa da sassauci fiye da wanda aka gano daga baya. Ba su faɗi irin sassaucin ba. Ranar Juma'a mai zuwa ce ranar ƙarshe.

Mun yi faɗan da ba mu taɓa yi ba tun muna yara. Ta ce, "Zan sa hannu. Mutane da yawa ne, ba za su saurari muryar kowa ba. Na riga na ci da kaina, me kuma suke nema?" Na ce, "Yaya, yatsana fa? Muryata fa? Ke muryarki ta fi tawa kauri, duk wanda ya saurara minti ɗaya zai gane." Ta ce, "To so kike in ce musu me? In ce ƙanwata ce? Su karɓe lasisina, su kore mu, in dawo Maamobi da yara biyu da mijin da zai ji a bakin duniya cewa da ƙarya na kai shi? Ke kuma a kore ki daga koyarwa, wataƙila har 'yan sanda? Mma fa, kin tuna da hawan jininta?" Na ce, "In kika sa hannu suka gano, ai ƙarya ta zama biyu." Sai ta faɗi maganar da ta fi komai yi mini ciwo, domin gaskiya ce. Ta ce, "Ni na ce miki a'uzu billahi. Ke kika yi ta bi na da maganar har na karaya. Yanzu da wuta ta kama, ke ce mai tsoron Allah?" Ta kashe wayar. Kwana huɗu ba mu yi magana ba.

Kamar wannan bai isa ba, shugabar makarantarmu ta kira ni ofis a satin nan tana murna, wai ta ba da sunana a wani shirin ƙaro karatu na malaman Turanci a waje, shekara guda, kuma an ɗauke ni a zagayen farko. Abin da na daɗe ina mafarki. Ta ce, "Saura ki yi jarrabawar Turancin nan, ke kam ai wasa ne a wurinki." Na ce zan yi shawara da gida. Ta dube ni da mamaki ta ce, "Madam, shawarar me? Mutane nawa ne suke neman wannan?" Ta yaya zan gaya wa shugabar cewa ba zan iya ɗora yatsana a kan na'urar nan ba, domin yana can a ajiye da sunan wata? Ban sani ba ko suna ajiye shi har yanzu, ban sani ba ko suna gwada na sabo da na tsoho, kuma ba wanda zan tambaya ba tare da na tona kaina ba. Na rufe wa kaina ƙofa da hannuna. Kuma kullum ina shiga aji ina gaya wa yara cewa satar amsa haramun ce, ina yaga takardar wanda na kama. Da wane baki?

Na je wajen wani malami a wata unguwa inda ba a san ni ba, na ce labarin wata ƙawata ce. Ya ce ha'inci ha'inci ne ko da wanda aka yi wa bai kyauta ba, amma ƙofar tuba a buɗe take. Na ce to dole ne sai ta tona kanta? Ya ce Allah yana son rufin asiri, ba a son bawa ya fallasa abin da Allah ya rufa masa, sai dai sa hannu a kan sabuwar ƙarya wani zunubi ne daban, kuma shi ba zai ce a yi shi ba. Na ce abincin da ake ci da albashin fa? Ya ce aikin da take yi da hannunta take yi, yana fatan halal ne, amma Allah ne masani. Na fito da ruɗanin da ya fi wanda na shiga da shi. Kada a tona, kuma kada a sa hannu. To takardar fa, zaɓi biyu ne kawai a cikinta, ko eh ko a'a.

Jiya da rana Yaya ta sake kira. Muryarta ta dushe, ta ce ba ta kira don faɗa ba. Ta ba ni haƙuri a kan maganar da ta faɗa, na ce ba ta yi ƙarya ba. Ta ce takardar tana cikin jakarta, tana zuwa aiki da ita tana dawowa da ita, ta ciro biro ya fi sau goma ta mayar. Ta ce ta yi tunanin neman lauya a can, amma tana tsoron ko faɗa wa lauyan ma wani tarko ne. Sai ta ce, "Abu ɗaya nake so ki gaya mini. In na sa hannu, suka zo suka same ki a Accra suka tambaye ki, me za ki ce?" Ina jin numfashinta a waya, tana jira. Ta ce, "Ba komai. Ki yi tunani. Duk abin da kika ce, shi zan yi, domin wuyanmu a igiya ɗaya yake." Wato yanzu ta ɗora mini. Aikinta, aurenta, karatun 'ya'yanta, lafiyar Mma, aikina, duk suna jiran kalma ɗaya daga bakina kafin Juma'a.

Don Allah masu karatu, musamman ma'aikatan jinya da ke waje, da lauyoyi, da malamai, ku taimake ni. Wanda ya san yadda irin wannan bincike yake tafiya ya gaya mini, da gaske suna sauraron muryoyin? Wanda ya faɗi gaskiya da kansa, ana barinsa ya ci gaba da aiki tunda ya sake cin jarrabawar da kansa, ko duk ɗaya ne? Lauya zai iya riƙe mata sirri? In ce mata ta sa hannu mu ci gaba da rayuwa da wannan tsoron har mu mutu, ko in ce ta faɗi gaskiya in zama ni na rushe gidan da ni na ce a gina a kan rami? Mijinta ya kamata ya ji daga bakinmu kafin ya ji a wani wuri? Ku zage ni in kun ga dama, na cancanta, amma bayan zagin ku bar mini shawara ko da layi ɗaya ne. Yayata nas ce ta gaskiya, ta iya aikinta, ta iya Turancin, ta tabbatar da hakan da bakinta. Ni ce na yi gaggawa, na hana ta jiran ranarta. Kwana shida suka rage, kuma tana jiran kirana.

Me zan yi?